Jar Alama a Bayan Gonar Tuffa

Berekfalu, 9 ga Maris

Hajnikám, 'yar ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kuma kina cin abinci mai zafi, ba wannan burodin da kuke gutsura a tsaye a Budapest ba. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da take ba ni labarin ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Innarki Piroska tana shan maganin hawan jininta idan ta tuna, wato ran Lahadi. Shamuwa ba su iso ba tukuna.

Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san kunnena, kuma wayar gidan gadi ta ofis ce. Maganar nan ba ta waya ba ce.

Yau kwana goma sha ɗaya da wasan da kika ja ni zuwa Szolnok, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Ke kina can kina rabon kati, ba ki ga abin da na gani ba. Kun shimfiɗa taswirar kogin Tisza a kan tebur, kun ce kowane zagaye shekara goma ne, a ja kati a ga fari ne ko ambaliya, mu kuma mu yanke shawara. Sannan kika yi mana musayar kujera. Ni da na shekara talatin da huɗu ina gadin ganuwar da ta tare kogi daga Berekfalu, kika ce ni ne shugaban Sasrév na tsallake. Dezső Kormos na Sasrév kuwa, wanda rabon da mu gaisa har na manta, kika ba shi ganuwata. Na ce a raina wasan yara ne, a yi a gama a ci miyar kifi.

A zagaye na uku aka ja katin babbar ambaliya. Injiniyan nan mai tabarau ya duba takardarsa ya ce ganuwar Berekfalu za ta riƙe ruwa har mita goma. Hajni, girman kai ne ya hau ni, ba wani abu ba. Na ce, "Mita goma? A takarda ko a ƙasa? Tara ma da ƙyar." Na ɗora yatsa a bayan tsohuwar gonar tuffa na ce, "Nan kogin yake bi kafin a miƙe shi. Ƙarƙashi yashi ne zalla. Ni shugaban Sasrév, in ina so in ceci garina, mutum huɗu da shebur, awa ɗaya, na gama." Aka yi ta tafi. Ke kuma kika zana jar alama a wurin, kina murna kawunki ya burge baƙi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Dezső ya kalli yatsana, ya kalle ni, ya sake kallon yatsana. Abin da ya sa na tashi na tafi ke nan kafin a gama. Ba gwiwa ba ce, ƙarya na yi miki.

Uwarki a gidan nan aka haife ta, don haka kin sani: idan Tisza ta cika dole ta fasa gefe ɗaya, kuma gefen da ya fashe shi ya ceci ɗayan. Shi ya sa ranar babban ruwa ba kogi kaɗai muke gadi ba. Kakana ya gaya wa babana wurin nan, babana ya gaya mini a kan gadon mutuwarsa. Ko ofis bai sani ba, don rabin ma'aikatan surukan Sasrév ne. Kowane rani ni kaɗai nake tura yumɓu a baro in je in danne shi. Sirrin shekara ɗari, na zubar don a tafa mini. Baki shi ke yanka wuya.

Ki goge alamar nan. Dusar ƙanƙara ta yi yawa a duwatsu bana, kuma ba ta fara narkewa ba.

Kawunki,
Bertalan


Budapest, 16 ga Maris

Berci bácsi, Kawuna na kaina,

Na sami wasiƙarka. Ina lafiya, kuma jiya na dafa wake da hannuna, ka gaya wa Inna Piroska ta daina cewa zan mutu da yunwa. Ka ce mata kuma maganin na kullum ne, ba na Lahadi ba. Gwiwarka ta gaishe ni, tunda ashe ba ita ta kore ka daga ɗakin ba.

Haba Kawu! Wa zai haye kogi da shebur a zamanin nan? Ɗauri ne fa, ga 'yan sanda, ga jirage suna shawagi a sama. Labarin kakanni ne wannan. Kuma abin da ka yi shi ne ainihin abin da muke nema. Shekara da shekaru ana ɗaga ganuwa, laka tana cika tsakani, ruwa yana ƙara hawa. Wata rana ba za ta ƙara ɗaguwa ba. Mun ƙirƙiro wasan ne don mutanen kogi su yi kurakuransu a kan tebur, inda ba wanda zai nutse, kafin 'ya'yansu su yi su a ƙasa. Injiniyan da ka kunyata har yanzu maganarka yake yi.

Alamar kuwa ba za ta gogu ba. Rahoton wasan ya riga ya tafi wurin duk mutum ashirin da biyun da suka zauna a teburin, naka ma yana hanya. Za ka ga taswirori masu shuɗin launi. Kada hankalinka ya tashi, sakamakon wasa ne kawai.

Kai da kake tsoron Dezső, ai shi wasan ya shiga ransa. Shekaranjiya ya bugo mini da kansa, ya tambaye ni daidai wace alamar kilomita ce wurin. Na ce arba'in da ɗaya. Ya ce ya gode ƙwarai.

Jibi zan tafi ƙasar Sabiya, za mu yi wasan da mutanen ƙasan kogi, sati uku. Ka ci gaba da rubutowa nan, maƙwabciyata za ta tura mini.

Taka har kullum,
Hajnalka


Berekfalu, 24 ga Maris

Hajnalka,

Muna lafiya. Piroska tana gaishe ki. Shamuwa sun iso ran Laraba.

Ya tambaye ki, kika gaya masa.

Na karanta layin nan a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi kujera. Ni na nuna da yatsa, yatsana kuwa kauri gare shi, a taswirarku ya rufe kusan kilomita biyu. Da wannan nake lallashin kaina. Ke kuma da karatunki kika ƙarasa masa aikin. Ya ce ya gode ƙwarai! To me zai ce? Ko kin tambaye shi abin da zai yi da lambar? Ruwa ba ya tsami banza, Hajni.

Kin ce labarin kakanni ne. Kakan nan da kike faɗa ni na san shi, kuma yatsu uku ne a hannunsa na dama. A babban ruwan zamaninsa kwale-kwale ya taso daga Sasrév, aka yi artabu a kan ganuwa da shebur da cokulan ciyawa, ya bar yatsu biyu a can. Su ma in kin tambaye su za su ce mu muka fara, a wata shekarar. Wataƙila gaskiyarsu. Kakan Dezső yana cikin jirgin nan, kowa ya sani.

Rahotonku ya zo. Na ga taswira ta ƙarshe, wadda aka rubuta shekara hamsin nan gaba. Berekfalu shuɗi ne duka. Coci, makaranta, maƙabartar da uwarki take. Na san kin ce wasa ne. Amma takarda ce mai sheƙi, da tambari, kuma na daɗe a duniya na san abin da aka buga da tambari ba ya daɗewa yana wasa. Na ɓoye ta a ƙarƙashin kwandon albasa.

Ban gaya wa kowa a gari ba. Da wane baki? Gidaje ɗari biyu da sha huɗu suna barci a bayana saboda sun yarda Bertalan Szabados ba ya surutu.

An fara ruwan sama a duwatsu a kan dusar. Sandar awon ruwa ta nuna mita shida da santimita saba'in yau da safe. Jiya shida da ashirin ne. Ina jin tsoro, ban taɓa rubuta wannan kalmar ga kowa ba.

Bertalan


Berekfalu, 3 ga Afrilu

Hajni,

Shiru. Ko fushi kika yi, ko wasiƙar ce ba ta same ki ba, ban sani ba. Muna nan da rai. Piroska ta haɗa takardunmu da hotuna a jaka ta rataye a ƙusa, ta hau da kaji saman rufi.

Mita takwas da arba'in. Dajin bakin kogi ya nutse, kawunan itatuwa kawai ake gani. Barewa sun hauro ganuwa suna tsaye kusa da mutane kamar awaki, ko gudu ba sa yi.

Na ɗauki tabarau mai hangen nesa na leƙa tsallake. Sun tara jiragen ruwa biyar a mashigar Sasrév. Biyar, Hajni. Masu kamun kifinsu jirgi biyu gare su. Na ga Dezső da wannan baƙar hular tasa yana tsaye, shi ma da nasa tabarau, kuma ba kogi yake kallo ba. Gonar tuffa yake kallo. Muka tsaya muna kallon juna ta gilashi kamar wawaye biyu.

Na gaya wa Piroska komai. Ta ce, "To sai ka je ka faɗa wa gari, a tara mutane a wurin." Na ce in na faɗa, gobe samarinmu za su riga su hayewa, kin san su. Ta ce, "Ba samari kake tsoro ba, tsoho, kunya kake tsoro." Shekara arba'in ina zaune da matar nan, ba ta taɓa iya yin shiru a inda ya dace ba.

An ba ni mutum shida. Na baza su a sama da ƙasa, ni na tare a arba'in da ɗaya da shebur ɗina. A gindin ganuwa ta gefenmu ruwa ya fara ɓuɓɓugowa, faɗin faranti. Garau yake tukuna. Kin tuna abin da na koya miki kina ƙarama: in garau ne, kogi numfashi yake yi. In ya yi duhu, ganuwar yake ci.

Ki rubuto, ko da zagi ne.

Kawunki


Senta, Sabiya, 8 ga Afrilu

Kawu,

Yau wasiƙunka biyu suka same ni tare. Ina lafiya. Na buga wayar gidan gadi sau tara, kullum a kame take. An ce hanyar garinku a rufe. Ina roƙon Allah wannan ta same ka.

Ka yi gaskiya, ban tambaye shi dalili ba. Ban ma yi tunanin tambaya ba. Na ɗauki abin da ya ci yatsun kakanka na mai da shi kati, ka yafe mini. Ban san abin da ke zuciyar Dezső ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba.

Amma akwai abin da ba ka gani ba, don ka fita. Bayan tafiyarka mun gwada shawararka. Muka fasa ganuwar Berekfalu a kan tebur, injiniya ya yi lissafi. Ka san nawa ruwa ya sauka a Sasrév? Taƙi ɗaya, na kwana biyu, sannan ya koma inda yake. Kogin yanzu ba na zamanin kakanku ba ne, ruwan ya yi yawa, fasa gefe ɗaya ba ya ceton ɗayan. Dezső ya ce a sake. Aka sake sau uku, yana riƙe da ganuwarka, sau uku tana fashewa a hannunsa. A na ukun ya tambaya gida nawa ne a Berekfalu. Bai ci miyar kifin ba.

Taswirar shuɗin nan kuma ɗaya ce cikin huɗu. Ka duba sauran, suna bayanta. Ba wanda ya yanke komai.

Ka faɗa wa gari, Kawu. Kuma don girman Allah, duk wanda ya sauko daga jirgi, ka bari ya yi magana tukuna.

Hajni


Berekfalu, 13 ga Afrilu

'Yata Hajnalka,

Innarki ce. Ban iya doguwar wasiƙa ba. Muna da rai, gari yana nan, ruwa ya tsaya tun jiya. Wasiƙarki ta iso yau a jirgin ruwan da ke kawo mana burodi, ta makara da kwana biyu.

Kawunki ya karya wa mutum hannu. Ɗan sanda ya zo, mutumin ya ce santsi ne ya kwashe shi. Shi kuma naki yana zaune a kicin tun safe yana kallon bango, na ajiye masa abinci ya huce. Na karanta masa wasiƙarki a kunnensa mai kyau, ya ce in sake. Ya ce zai rubuta da kansa in ya iya.

Ina shan maganin kullum yanzu. Da miji irin wannan dole ne.

Piroska


Berekfalu, 19 ga Afrilu

Hajnikám,

Gaisuwa. Ina fata kin dawo lafiya. Gwiwata ta yi shiru, alamar ruwa yana tafiya. Mita bakwai da casa'in yau. Kaji sun sauko.

Ba ni da abin yafe miki. Bari in gaya miki yadda aka yi, daga bakina, kafin Piroska ta ƙara masa gishiri.

Ran sha ɗaya ga wata da hantsi sanda ta nuna tara da sha biyu. Na sauka gindin ganuwa na sa hannu a ɓuɓɓugar nan, na ɗago, tafina cike da yashi. Ruwan ya yi launin shayi da madara. Faranti ya zama faifai, kuma wani ya ɓullo kusa da shi. Ina da buhun yashi sittin. Wurin yana son dubu. Na tura mutum ɗaya da gudu ya ce wa Piroska ta sa a kaɗa ƙararrawar coci, amma mutanen gari duk suna can wajen gada, kilomita shida, inda ni da kaina na bari aka tara su don kada in faɗi gaskiya.

Na hau sama, sai ga jiragen. Hazo ne a kan ruwa, sai da suka zo dab na gan su. Na gaba ya daki ganuwa, Dezső ya yi tsalle ya sauko da shebur a kafaɗa. Ban ji komai ba, Hajni. Wataƙila ya yi magana, kin san kunnena. Yatsun kakana kawai nake gani. Na ɗaga nawa na sauke masa, ya tare da hannu. Ƙarar kam na ji ta.

Ya zauna daɓas a laka. Sai a lokacin na kalli jiragen da kyau. Sun nutse har baki, saura kaɗan ruwa ya shiga. Buhuna ne. Jirgi biyar na buhunan yashi, da mutum talatin a zaune a kansu, duk sun zuba mini ido.

Dezső ya riƙe hannunsa ya yi mini ihu a fuska, don ya san sai da ihu. "Kai tsohon jaki! Ina wurin? Garau ne ko ya yi duhu?"

Na ce, "Ya yi duhu."

"To me kake tsaye kana kallona kamar an aiko ka? Ku sauke! Zoben buhu za ku yi masa, tsayin ƙugu!"

Na ce, "Wa ke gadin taku ganuwar?"

Ya ce, "Matanmu. Sun fi ka hankali."

Wani ɗan'uwansa ya taso mini, Dezső ya daka masa tsawa ya ce buhu aka zo ɗauka. Suka ɗaure masa hannun da ɗankwalin wuya, ya ƙi tafiya. Yana zaune a kan buhu fuskarsa ta yi fari fat, yana ba da umarni a kan ganuwata kamar gadonsa ce. Kuma daidai yake faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mutanenmu suka iso bayan awa ɗaya, suka tarar da 'yan Sasrév a arba'in da ɗaya da shebur, aka tsaya cirko-cirko. Piroska ce ta ratsa ta tsakiya ta ɗauki buhu ta dangwara wa shugaban gari a ƙirji. Kafin la'asar zoben ya tashi, ruwa ya hau a cikinsa ya tsaya. Na sa hannu. Garau.

Yanzu kowa ya san abin da na yi a Szolnok da abin da na ɓoye. Wasu ba sa amsa gaisuwata. Sun yi daidai.

Shekaranjiya na haye da kwalbar barasarmu ta pálinka. Rabona da taka ƙasar Sasrév shekara goma sha tara. Na same shi a gado, hannu cikin farin siminti. Na ce, "Me ya hana ka aiko mini da saƙo?" Ya ce, "Da na aiko na ce zan zo arba'in da ɗaya da mutum talatin, da ka yarda?" Na ce a'a. Ya ce, "To zuba."

Muka sha. Ya ce tun ranar wasan nan bai huta ba. Wai sau uku ya ga gidaje ɗari biyu da sha huɗu sun tafi a hannunsa, ƙwayoyin gilashi ne shuɗɗa a kan takarda amma shi mutane yake gani. Sannan ya kori matarsa daga ɗakin, ya jawo ni da hannunsa mai lafiya, ya sa baki a kunnena mai kyau. Ya gaya mini nasu wurin. Inda kakansa ya gaya wa babansa. Ya ce, "Yanzu kai ma ka daina barci."

Ba zan rubuta shi a takarda ba, nasa ne ya nuna. Amma ya yi gaskiya, tun ranar ganuwa biyu nake gadi, kuma ɗaya ba na iya taɓa ta.

Na ciro rahoton daga ƙarƙashin albasa na duba sauran ukun. A biyu Berekfalu tana nan, amma an ba kogi makiyayarmu ya kwanta a ciki. Ban so ba. Ina da magana a kai, Dezső ma yana da ita.

Ki zo da taswirarki da katunanki, a yi wasan a nan makarantarmu, a gayyaci tsallake. Ki zo da jan alƙalamin nan kuma. Da muna kan ganuwa Dezső ya tambaye ni ko akwai wani wurin, na ce masa babu. Akwai, Hajni. Babana wuri biyu ya gaya mini.

Kawunki,
Bertalan